Bindigar iska mai famfo: daɗin riƙewa, wuyar ajiyewa a Mabera

Duk wanda ya tashi a Mabera ta Sakkwato ya san harbin danƙo. Gwafar itace, tsohon tub na keke, guntun fata, sai aljihu cike da tsakuwa. Da shi yara suke bin kurciya a kan katanga da ƙadangare a gindin dogon yaro, da shi kuma ake fasa gilashin taga a ruga a bar iyaye da biya. Yaran nan sun girma. Wasu 'yan kasuwa ne yanzu, wasu ma'aikata, wasu masu lambu a fadama, amma sha'awar saiti ba ta bar su ba, kuma wayar da ke hannunsu tana nuna musu abin da ya fi danƙo. A YouTube da TikTok za ka ga Bature ya buɗe kwali, ya fiddo bindigar iska sabuwa fil, ya ɗura mata iska, ya huda gwangwani daga nesa yana murmushi. Abin da kyamarar ba ta nunawa shi ne bayan gidansa fili ne fetal, kuma dokar da ta ba shi dama ba tamu ba ce.

Irin wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai famfo a jikinta. Ba ta cin albarushi, ba ta buƙatar tukunyar gas, ƙarfin damtsen mai ita ne abincinta. Fitattu a wannan gida su ne Benjamin 392 da ƙanwarta 397, da Crosman 760, da Daisy 880, dukkansu na kamfanonin Amurka. Na riƙe irinta a wata gona a bayan gari, a hannun mai ita, kuma ba zan ɓoye ba, kaya ne mai shiga rai.

Yadda take a hannu

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne rashin nauyi. Benjamin 392 wajen kilo 2.5 ce, Crosman 760 kuwa, wadda yawancin jikinta roba ne, ba ta kai kilo 2 ba. Wanda ya saba ganin bindigar toka ta maharba, doguwa mai nauyi da layu a rataye, zai ce wannan ai ta yara ce. Daga nan kuskuren yake farawa, amma za mu zo wurin.

A ƙarƙashin bututun akwai mariƙin da hannun hagu yake tallafa. Shi ne hannun famfon. Ka ɓalle shi ƙasa, ka buɗe shi har ƙarshe ya zuƙi iska, ka mayar ya rufe ɗas. Wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san yadda abin yake tafiya: bugu na farko da na biyu wasa ne, daga na huɗu ka ji ya fara gardama, na bakwai da na takwas sai ka haɗa da ƙirji da cije leɓe. Wanda bai kula da inda ya ɗora yatsunsa ba, hannun famfon zai datse masa su, kuma ba zai sake mantawa ba. Kowane bugu fistin ne yake tura iska cikin wani ɗan ɗaki mai bawul, ta taru a can a matse tana jira. Kamfani yana iyakance bugu takwas ko goma, gwargwadon samfurin. Mai ganin idan ya yi ashirin zai ninka ƙarfi ya yaudari kansa: bawul ɗin yakan ƙi buɗewa sosai, iska ta maƙale, harbi ya fita a raunane, robobin ciki kuma su gaji kafin lokacinsu.

Bayan iska sai ƙwaya. Ka ja sakata baya, ka saka ƙwayar dalma guda ɗaya, ka tura ka rufe. Girman ƙwayar iri biyu ne aka fi sani, milimita 4.5 da milimita 5.5, 397 tana cin ta farko, 392 ta biyu. Ko babbar, irin wadda aka saba harbawa, ba ta cika giram ɗaya ba. Siffarta abin kallo ce: kai mai nauyi, ƙugu siriri, gindi buɗaɗɗe. Idan iska ta bugo ta, gindin nan ne yake buɗewa ya toshe bututu don kada iskar ta zurare ta gefe, zanen da ke murɗe cikin bututun kuma ya sa ta fita tana juyawa, kai a gaba.

Sai ka ɗaga, ka daidaita, ka ja kunama. Tas! Shi ke nan. Ba hayaƙi, ba warin albarushi, ba dukan kafaɗa. A nan ta fi 'yar uwarta mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Waccan idan ta tashi sai ta zabura gaba da baya a hannunka, kuma sai ka koyi yadda ake lallaɓa ta kafin ta ba ka abin da ka saita. Mai famfo shiru take yi a kafaɗa, inda ka duba nan ƙwaya za ta. A tazarar mita 10 zuwa 25 gwangwanin madara ba ya tsira ko a hannun sabon shiga. Daga nan ƙwaya ta fara sunkuyawa, iska kuma ta fara wasa da ita. Saurin da kamfani yake tallata wa 392 ya ɗan haura mita 200 a daƙiƙa.

Harbi ɗaya, iska ta ƙare. Sai ka sauke, ka sake bugu daga farko. Kafin a jima gumi ya karyo, damtse ya yi tsami, zuciya tana bugawa, bakin bindiga yana rawa. Masu tallar bindigogin zamani suna lissafa wannan a cikin aibobinta, kuma ga mafarauci aibi ne, don ƙarar famfon kaɗai ta isa ta tashi garken hasbiya, harbi na biyu kuma sai tsuntsu ya kai gida. Ni kuwa ina ganin shi ne mafi kyawun halinta. Bindigar da take sa ka yi wahala kafin kowane harbi ba ta barin ka yi harbin banza. Ga kuma wata dama da sauran ba su da ita: kai ne mai zaɓen ƙarfi. Bugu uku sun isa harbin takarda a kusa, takwas na farauta ne.

Tsohuwar dabara ce

Kada a ɗauka sabon abu ne. Wajen shekarar 1780 rundunar sojan Ostiriya ta karɓi bindigar iska da wani maƙeri, Bartolomeo Girardoni, ya ƙera. Tana ɗaukar ƙwayar dalma kusan 20, iskar kuma a cikin ƙotarta ake tarawa, kuma cika ƙotar nan yana cin bugun famfo wajen 1,500. A zamanin da soja yake ɗura albarushi ta baki, hayaƙi ya rufe masa ido, wannan abin al'ajabi ne. Amma wuyar ƙira da yawan yoyon iska suka sa aka jingine ta wajen 1815. Ayarin Lewis da Clark, da ya ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806, ya tafi da bindigar iska yana nuna ta ga ƙabilun da ya tarar. Tafiyar tasu ta faru ne a daidai shekarun da ake fafata jihadin Shehu Usmanu, inda kwari da baka da mashi da doki suka yi mafi yawan aikin.

Ta zamani ta sauko daga fagen fama ta koma bayan gida. Crosman 760 ta fito a 1966, an sayar da miliyoyi, kuma da ita yaran Amurka da yawa suka koyi saiti. Crosman ɗin ne ya saye kamfanin Benjamin a 1992.

Zafinmu da ƙurarmu

Rayuwar wannan bindiga a kan 'yan robobi take: na kan fistin da na cikin bawul. Su ne suke riƙe iska, su ne kuma suke fara mutuwa. Garin da zafinsa yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, hunturu kuma ya zo da ƙurar da take shiga ko cikin akwati, ba ya yi wa roba daɗi. Kowane bugu yana zuƙar iskar waje da duk abin da ke cikinta. Don haka masana suke cewa a riƙa ɗiga ɗan man da aka yi domin ta a kan fistin, kada a kusanto da fetur ko kananzir, kada a bar ta a cikin mota a rana, kuma idan za a ajiye a cire ƙwaya a bar mata bugu ɗaya don bawul ya zauna a rufe. Bututun 392 na tagulla ne, ba ya tsatsa, wannan sa'a ce a damina. Amma ranar da roba ta tsage, kayan gyaranta ba irin waɗanda za ka shiga kasuwa ka tsinta a tire ba ne, kuma gyaran bindiga ma doka ba ta bar shi a hannun kowa ba.

Akwai wata mai tsada da ake cika wa iska da famfo na daban, doguwa mai tanki a jiki. Ita ana matsa mata iska har wajen bar 200, alhali tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2.5 ba. Cika ta daga fanko aiki ne na ɗaruruwan bugu, amma idan ta cika za ta yi harbi da yawa a jere, da ƙarfin da ya wuce na mai famfo a jiki. Gargaɗi ɗaya da ya kamata a faɗa da ƙarfi a garin da masu walda suke ko'ina: kada a taɓa cika ta da iskar tukunyar walda. Iskar oksijin a matse idan ta haɗu da maiƙo wuta take yi, tankin ya tarwatse a hannun mai shi.

Ina ƙwayar take sauka?

Mabera, a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, unguwa ce da ta cika ta batse. Gida yana jingine da gida, lungu ya shiga lungu, har ruwan damina ma ya sha rasa hanyar fita. Bayan kowace katanga akwai tsakar gida, a tsakar gidan akwai mata suna girki, yara suna wasa, akuya a ɗaure. Da hantsi da yamma almajirai suna zaune a ƙofar zaure da allunansu, 'yan Islamiyya suna wucewa a jere.

To a ce kurciya ta sauka a kan katanga, ka saita, ka kuskure. Ƙwayar ba ta tsayawa don ka kuskure. Idan aka harba ta sama-sama tana iya tafiyar ɗaruruwan mitoci, kuma kamfanonin da kansu suna buga wannan gargaɗi a jikin kwali. Idan ta bugi bulo ko siminti ko ƙofar ƙarfe tana iya dawowa ta inda ba ka zata ba. Langa-langa ba garkuwa ba ne a kusa, zana kuwa ba a maganarta. Bindigar toka idan ta tashi unguwa duka ta ji, kowa ya ja ɗansa ciki. Wannan maƙwabci ba zai san ana harbi ba sai ya ji kukan yaro. Rashin ƙarar da ya sa take da daɗin riƙewa shi ne babban haɗarinta a cikin gari.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi yake tsone maka ido, kuma a nan maganar ba ta buƙatar fassara, don ido ne abin da ƙwayar nan ta fi lalatawa. Tana kuma iya ratsa ƙoƙon kan ƙaramin yaro. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a birnin Gilasgo na Sikotilan bayan an harbe shi a ka da bindigar iska. Kukan da iyayensa suka yi ta yi yana cikin abin da ya sa majalisar Sikotilan ta yi doka a 2015, wadda ta wajabta lasisi ga duk mai irin wannan bindiga tun daga ƙarshen 2016. Malamanmu ma suna da abin faɗa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana harbi da tsakuwa, saboda ba ya biyan buƙatar farauta amma yana karya haƙori ya fasa ido. Ya kuma hana a mayar da abu mai rai abin koyon saiti. Mai harbin ƙadangare da mage don nishaɗi ya duba wannan. Wanda ya harbo tsuntsu don ci ya tarar da shi da rai kuwa, yanka ya hau kansa.

Sai dalmar kanta. Al'ada ce ta masu harbi su tara ƙwayoyi a baki don saurin ɗura, yara kuma duk abin da suka tsinta baki suke kai wa. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani: a 2010 gubar dalma daga wuraren sarrafa zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwangwanin ƙwayoyi ba abin bari a kan taga ba ne, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci.

Abin da doka ta ce

Nan ne da yawa suke faɗawa rami. A Ingila baligi yana iya sayen bindigar iska ba lasisi muddin ƙarfinta bai wuce jul 16 ba, a Jamus iyakar jul 7.5 ce. Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda lamarinsu yake hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A tsakiya akwai rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma a nan dokar ta ambaci bindigar iska da sunanta, doguwa da gajeriya, a jere da bindigar farauta mai baki biyu. Ba ta ware mai ƙarfi da mara ƙarfi ba. Mallakarta ba lasisi laifi ne da yake kai mutum gidan yari, shigo da ita ƙasa ma sai da izini, ko ta jirgi aka yi oda ko ta Illela aka biyo da ita. Mai tallarta a waya ba zai gaya maka wannan ba, shi dai a tura kuɗi.

Lasisin kuma ba na kowa ba ne. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ƙari a kan haka, a watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka mai niyya ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha ya ji halin da ake ciki kafin ya fitar da ko sisi.

Ko da takarda a aljihu, akwai halin da ƙasa take ciki. Jihar da ake kwana da fargaba a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, ake maganar Lakurawa a Tangaza da Gudu, har gwamnatin Ahmed Aliyu ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, ba wurin yawo da abu mai kama da bindiga ba ne. Jami'in da ke shingen bincike da dare ba zai tsaya auna faɗin bututu ba, taron jama'a a fusace balle. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki. Wannan raɗaɗi bai bar zukatan mutanen Arewa ba.

Wa take yi wa amfani?

Wasu suna cewa za su saya don tsaron gida. Wannan shawara ce mai kashe mai ita. Bindigar da sai ka yi bugu takwas kafin harbi ɗaya ba za ta tare ɓarawo mai adda ba, balle mai AK-47. Abin da za ta yi kawai shi ne ta ba shi dalilin harbinka. Manomin shinkafa da yake fatan korar jan baki shi ma ya haƙura. Tsuntsun da yake sauka dubu bisa dubu, har sai gwamnati ta tashi jirgin feshi a Kebbi da Sakkwato da Jigawa, ba ƙwaya ɗaya-ɗaya za ta tsorata shi ba.

Inda take da rana shi ne wurin mai lambu a fadama irin ta Kwalkwalawa, ko mai rumbu da sito a ƙauye da ɓera da gafiya suka dama, wanda yake da lasisi, yake da fili, kuma ya san abin da ke bayan abin da ya saita. Sai kuma fagen wasa. Harbin bindigar iska a mita 10 yana cikin gasar Olimfik tun 1984 a Los Angeles, ɗigon tsakiyar takardar da ake harbi kuwa rabin milimita ne kacal. Da wannan wasa Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinariya a Beijing a 2008, ta farko da wani ɗan ƙasar ya samu shi kaɗai. Ɗaki mai tsawon mita 15, da bango mai tare ƙwaya, da mai koyarwa, da izinin 'yan sanda, sun isa a fara. Idan ma'aikatar wasanni ta jiha ta keɓe irin wannan ɗaki a filin wasa na Giginya, gwanayen danƙon Mabera za su sami inda za su nuna hannunsu ba tare da an taɓa ɗan kowa ba.

Kafin a kai can, masu unguwa da limamai su riƙa ambaton maganar, don iyaye da yawa sun ɗauka abin wasa ne irin na Sallah. Kai kuma mai karatu, idan ɗanka ya miƙo maka waya ya ce Baba a saya mini wannan, ka gaya masa bindiga ce a idon doka, sai da lasisin Sufeto Janar, kuma wanda bai kai shekara 17 ba ko takardar nema ba za a karɓa daga hannunsa ba.